Yadda za ka kare laftop ɗinka daga bairos ba tare da ka sayi komai ba

Jama'a duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya soka a laftop ɗinsa ya san wannan abin, ka buɗe filash sai ka ga duk foldojinka sun koma shotkat, ko ma ka ga wayam babu komai alhali kwamfutar na nuna maka akwai kaya a ciki har giga biyu ko uku. Ɗalibai lokacin firojet su suka fi shan wannan wahalar, to bari mu fara da shi tunda maganinsa na hannu.

Kar ka danna shotkat ɗin nan, dannawar ce ke tada bairos ɗin ya sauka a kwamfutarka, daga nan kuma duk filash ɗin da aka soka mata sai ya kwasa ya kai gaba. Takardunka suna nan ba a goge su ba, ɓoye su kawai ya yi. Ka danna dama a kan filash ɗin ka zaɓi Scan with Microsoft Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, a Windows 11 sai ka fara taɓa Show more options kafin ka gan shi. In ya gama ka buɗe Command Prompt, ka rubuta harafin filash ɗin misali E: ka buga Enter, sannan ka rubuta wannan

attrib -h -r -s /s /d *.*

ka sake buga Enter. Kayanka za su bayyana, wani lokacin cikin wata folda marar suna za ka tarar da su, ka kwashe naka kaɗai ka bar duk abin da ba ka san shi ba, sai ka yi wa filash ɗin fomat. Ni dai a ganina ma ba sai ka riƙa kai filash shago ba, ka maida takardar PDF ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel ya buga maka, shi ke nan an huta.

Sai maganar antibairos. Mutane da yawa ba su san cewa Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu ba, Microsoft Defender, kyauta ne kuma ya isa mai amfanin yau da kullum. Matsalar ita ce sau da yawa wanda ya ɗora maka Windows a kasuwa sai ya kashe shi don ya samu ya saka maka Office na kirak, wato wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba a biya ba, kuma ba zai tuna ya kunna ba, kai kuma ka tafi kana ta amfani da ita ƙofa a buɗe. Je ka Start ka rubuta Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, ka taɓa Manage settings ka tabbatar Real-time protection a kunne yake. Ka gangara ƙasa ka leƙa Exclusions, in ka ga an saka C: gaba ɗaya ko wata folda da ba ka san da ita ba ka cire, don ma'anarsa an ce wa Defender kar ya duba wajen. Wancan antibairos na gwaji da ya zo da laftop ɗin wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara yana ta damunka da saƙo, goge shi. Kuma kar ka tara guda uku a kwamfuta ɗaya wai don ƙarin tsaro, nauyi kawai za su sa mata.

Abdet kuma na san inda gizo ke saƙar, data ce. Kowa na kashe shi don kar Windows ya shanye masa sub ɗin wata a dare ɗaya, kuma ba laifinku ba ne data ta yi tsada. Amma ku duba abin da ya faru a watan Mayun 2017, bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da gyaran ƙofar da ya bi ya shiga, waɗanda ya kama galibi waɗanda ba su yi abdet ba ne. Dabarar ita ce ka shiga saitin wayifai ka kunna Metered connection a kan hotsifot ɗin wayarka don ya rage jan data a ɓoye, sannan sau ɗaya a wata ka nemi wayifai na ofis ko makaranta ko ka sayi datar dare ka bar shi ya yi abdet ɗinsa har ya gama. Masu Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka daina aiko muku da gyara, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoba 2025, in kwamfutarka za ta ɗauki 11 ka koma.

Yanzu ga babbar ƙofar, kirak. Photoshop kyauta, CorelDraw kyauta, gem kyauta, aktibeta na Windows, ka sauke sai ka ga an rubuta wai ka fara kashe antibairos kafin ka buɗe, kai kuma ka kashe da hannunka. Ɗan'uwa duk manhajar da ta ce sai ka kori mai gadi kafin ta shigo gidan ai ta riga ta gaya maka ko ita wace ce. Akwai wani bairos mai garkuwa da fayil da ake kira STOP ko Djvu wanda ta cikin irin waɗannan kirak ɗin ya fi yaɗuwa, yana kulle hotuna da takardu duka ya ƙara musu wani baƙon suna a ƙarshe, ya ajiye maka wasiƙa mai suna _readme.txt yana neman kuɗi, a da dala 980 suke nema, wai in ka tuntuɓe su cikin awa 72 za su rage maka zuwa 490. Wasu kuma ba sa kulle komai, shiru za su yi su kwashe duk faswad ɗin da ka ajiye a Chrome, Facebook da imel da komai, sai dai kawai ka ji abokai na kiranka wai kana roƙon kuɗi a inbos. In rubutu da lissafi ne kawai aikinka LibreOffice kyauta ne na halal, ga Google Docs, ga VLC na kallon bidiyo, amma ka sauke su daga shafinsu na asali ba daga tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike ba.

Wani ɗan saiti da ba ya cin minti ɗaya, buɗe File Explorer ka shiga View ka kunna File name extensions. Da shi ne za ka gane cewa abin da aka turo maka da sunan takardar ɗaukar aiki.pdf ashe .pdf.exe ne. Takarda ko hoto ba sa ƙarewa da .exe ko .scr ko .vbs, ka goge kawai. Haka in fayil ɗin Word ko Excel da baƙo ya turo ya ce ka danna Enable Content, kar ka danna. Wanda kake kokwanto a kansa ka ɗora shi a shafin VirusTotal ya duba maka, amma banda takardun sirri don duk abin da ka ɗora yana zama a wajensu.

Waya ma haka take, GBWhatsApp da APK, wato fayil ɗin saka manhaja a waya, da ake turawa ta Xender ba ka san wa ya taɓa cikinsu ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take, nan OTP ke shigowa. Ka tsaya a Play Store ka bar Play Protect a kunne.

Ka kuma ajiye kwafin abin da ba za ka iya jure rasawa ba, firojet, hotunan biki, lissafin shago. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ko ka kwafa a wani babban filash, amma ka zare shi in ka gama don mai garkuwa da fayil har abin da ke soke a jiki yake kullewa.

In kuma ya riga ya shiga, ka fara kashe wayifai ka zare duk filash, sannan a Windows Security ka shiga Scan options ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, kwamfutar za ta mutu ta taso ta yi binciken kafin bairos ɗin ya farka. Faswad ɗinka ka canza su daga wata na'urar daban ba daga wadda ta kamu ba, ka fara da na imel tunda ta nan ake dawo da sauran. In fayiloli aka kulle kar ka yi saurin biya don ba tabbas za su buɗe maka, kuma kar ka goge su, ka duba shafin No More Ransom wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, ka ɗora fayil ɗaya daga cikin waɗanda aka kulle ya duba ko irin naka na cikin waɗanda aka samo makullinsu kyauta.