Yadda ake bibiyar gyaran gaɓar kogi da hoto

Wanda ya dasa jema da itatuwa a gaɓar kogin Mayo Tsanaga ko Mayo Kaliyawo a Marwa da ke arewacin Kamaru, ido kaɗai ba zai nuna masa ko zaizaya ta tsaya ba. Hoto zai nuna, amma sai an ɗauke shi daga wuri ɗaya, tsayi ɗaya, fuska ɗaya, a watanni iri ɗaya kowace shekara.

Turke, alamar inda za a riƙa ɗaukar hoton, shi ne tushen aikin. A samo rodi mai tsawon mita 1, a kafa santimita 80 a ƙasa, a zuba siminti, a zana lamba tun yana ɗanye. Na itace gara ce ke cinyewa, ko yara su tuge shi. Kada a kafa a bakin gaɓa. A ja baya mita 10 zuwa 15, domin ambaliyar Agusta tana iya tafiya da gaɓar har da turken. GPS na waya yana kuskuren 'yan mitoci, don haka a auna nisan turken daga tsamiya ko kusurwar katanga da tef, a rubuta.

A ɗora wayar kan sanda mai mita 1.5 daidai saman turken, a kwance, ba tare da zuƙo hoton ba. Hotuna uku: inda ruwa ke fitowa, inda yake tafiya, sai ƙetare. Kowanne ya haɗa da abin da ba ya motsi, kamar dutse. Mutum ɗaya ya riƙe sanda mai mita 2 da aka yi wa fentin ja da fari kowane santimita 50, ya tsaya gindin gaɓar. Da ita ake karanta tsayin jema da zurfin ɓurmawa.

Sau biyu a shekara ya isa: Afrilu, kogi yana yashi zalla, da Oktoba bayan ruwa ya janye. Da hantsi, rana a bayanka inda ya yiwu. Hazon hunturu yana dusashe komai. A riƙe tsohon hoton a takarda ana daidaitawa.

WhatsApp yana matse hoto ya share kwanan watansa, sai a tura shi a matsayin fayil. Sunan fayil kuwa: lambar turke, kwanan wata, fuskar da aka kalla.

A sanar da lawan ko jauro, wato mai unguwa, tukuna, a jira mata masu wanki su kauce. Gadar da jami'an tsaro ke gadi kuma, kada a saita mata waya sai da izini.

Idan itatuwan sun girma sun tare gani, ba a cire turken. A kafa sabo a gefe, a ɗauka daga duka biyun har shekara guda.