Yadda Ake Adana Ayyukan Mawaƙan Gwajin Murya a Rumbun Al'umma

Julius Eastman, baƙar fatar Amurka mai neman jinsi ɗaya, mawaƙi ne kuma mai tsara kiɗa. Da aka kore shi daga gidan haya a New York a shekarun 1980, takardun kiɗansa da dama suka salwanta. Ya rasu a Buffalo a 1990, sai bayan wata takwas jarida ta ba da labarin mutuwarsa. Wata mai tsara kiɗa, Mary Jane Leach, ita ta bi abokansa ɗaya bayan ɗaya tana tattara abin da ya rage, har aka fitar da faya-fayai uku a 2005. Irin waɗannan mawaƙa, masu sarrafa numfashi, kururuwa, raɗa da dariya su zama kiɗa, ba kasafai manyan ɗakunan adana tarihi ke nemansu ba. Mutanensu ne ke adana su, ko kuma su ɓace. Ga yadda ake yi.

Ku fara da mutane, kayan su biyo baya. Ku rubuta sunayen waɗanda suka yi waƙa tare, mai ɗaukar sauti, mai gidan da aka yi wasan, wadda ta buga takardar talla. Ku fara da mafi tsufa da mai jinya. Kowa kuka zanta da shi, ku tambaye shi wa kuma ya kamata ku gani.

Na biyu, izini, kuma a nan ya kamata ku fi daɗewa. Takardar amincewa ta rarrabe abubuwa: an yarda a ajiye, an yarda a saurara a cikin ɗaki kawai, ko an yarda a sa a intanet. Ku tambayi mai aikin da wane suna take so a kira ta, kuma me take so a faɗa game da rayuwarta. Kada ku liƙa wa kowa laƙabin da bai kira kansa da shi ba. Kaset ɗaya na iya ɗauke da muryoyin mutum goma, izinin ɗaya bai wadatar wa sauran ba. A ƙasashen da doka ke hukunta neman jinsi ɗaya, kamar Najeriya, fitar da suna na iya kai mutum kurkuku, don haka a bar ƙofar sakaya suna, da ta kulle wani fayil na wasu shekaru, da ta janye izini daga baya.

Na uku, ceto sautin. Ƙungiyar Feminist Improvising Group ta mata masu ƙirƙirar kiɗa nan take, wadda Maggie Nicols da Lindsay Cooper suka kafa a Landan a 1977, kusan duk abin da ta bari ɗaukar wasan kai-tsaye ne, har da kaset ɗin da ta fitar a 1979. Haka lamarin yake ga mafi yawansu. Kafin ku saka kaset a na'ura ku ɓalle haƙoran samansa don kada a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure. Idan zaren yana manne ko yana ƙara, ku tsaya, ku kai wa gwani. A juya shi zuwa fayil na WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a kan ma'aunin inganci na 96 kHz da bit 24, kamar yadda masu adana sauti suka saba. MP3 na rabawa ne kawai. Kuma kada ku "wanke" ainihin fayil ɗin: manhajar rage hayaniya ba ta san bambancin shuuu ɗin kaset da numfashin mawaƙiya ba, alhali numfashin shi ne aikin.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa. Sauti kaɗai ba ya gaya wa mai zuwa yadda aka yi shi. Pauline Oliveros, mai tsara kiɗa 'yar Amurka, ta rubuta Sonic Meditations a farkon shekarun 1970 tare da wata ƙungiyar mata a San Diego, kuma ba alamomin kiɗa ba ne, umarni ne cikin kalmomi: a zauna a da'ira, a lura da numfashi, a bar murya ta fito a hankali. Da ba a rubuta ba, da babu mai iya maimaitawa yau. Saboda haka ku kunna wa mawaƙiya tsohon kaset ɗinta, ku ɗauki hirar tana sauraro. A ina sautin nan ya fito, maƙogwaro ko ƙirji? Numfashi ciki ake ja ko waje? Me ya sa aka yi dariya a minti na shida? Ku haɗa da takardun talla, wasiƙu, hotuna, har da rasit ɗin hayar zaure, domin sau da yawa shi kaɗai ke ɗauke da kwanan wata.

Na biyar, bayani. Kowane fayil ya samu lamba, suna, wuri, shekara, da wanda ya ba da shi. Ku ɗauki hoton kwalin kaset gaba da baya. Kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida daban.

A ƙarshe ku yanke shawarar inda rumbun zai zauna. Lesbian Herstory Archives, rumbun tarihin mata masu neman jinsi ɗaya da aka kafa a New York a 1974, ya fara ne a gidan Joan Nestle, ya koma nasa ginin a Brooklyn a farkon shekarun 1990, kuma 'yan sa-kai ke riƙe da shi. Her Noise kuwa, rumbun ayyukan mata masu fasahar sauti da ya samo asali daga baje-kolin 2005 a South London Gallery, ya koma hannun jami'ar fasaha ta Landan. Jami'a na da ɗaki mai sanyi da ma'aikata, amma ita ke tsara wa zai shiga. A ganina, ƙaramar ƙungiya ta riƙe ikonta muddin tana da masu aiki, amma tun yau ta rubuta yarjejeniyar wanda zai karɓi kayan idan ta watse, tare da sharuɗɗan izinin da kowace mawaƙiya ta gindaya.