Yadda za ka kalli Kathakali har ka gane abin da ake faɗa

Karon farko da na zauna gaban Kathakali, wasan kwaikwayo na rawa da kiɗa, a wani ƙaramin zaure da ke Fort Kochi a kudancin Indiya, na tashi ban ƙaru da komai ba sai ƙarar ganga da ta cika min kunne. Na iso ana dab da farawa, ban san labarin ba, kuma ina ta jiran 'yan wasan su buɗe baki su yi magana. Ashe ba sa magana. Ba na so ka yi irin asarar da na yi a wannan daren.

Wasan na mutanen jihar Kerala ne, a kudu maso yammacin Indiya, masu jin harshen Malayalam. Ya kafu a ƙarni na 17, kuma akasarin labaransa an ɗebo su ne daga Mahabharata da Ramayana, manyan littattafan labaran da na Hindu. Tun da rana ka tambayi wane labari za a yi, ka sa wani ya ba ka shi a taƙaice, ka san wa ke gaba da wa. Mutanen da ke zaune kusa da kai sun san ƙarshen labarin tun suna yara. Abin da ya kawo su shi ne su ga yadda ɗan wasan yau zai yi shi.

Sai ka zo da wuri, don kwalliyar kanta tana cin sa'o'i, kuma a wurare da yawa ana barin baƙo ya zauna ya kalla. Na ga wani dattijo kwance rigingine a kan tabarma, idonsa a rufe kamar mai barci, wani kuma ya durƙusa a kansa yana jera masa farin ƙullun shinkafa da takarda a gefen muƙamuƙi, layi bisa layi. Wannan farin zagayen suna ce masa chutti. A nan za ka koyi karanta fuska. Kore, wato pacha, na jarumai ne da mutanen kirki. Idan ka ga koren an ratsa shi da ja a gefen hanci, ga ɗan farin dunƙule a kan hancin, wannan kathi ne, ma'anarsa wuƙa: sarki mai ƙarfi da girman kai, irin su Ravana, mugun sarkin labarin Ramayana. Jan gemu na azzalumi ne, farin gemu na Hanuman, abin bautar Hindu mai siffar biri, baƙin gemu na maharbin daji. Mata da masu zuhudu fuskarsu a sauƙaƙe take, launin rawaya mai sheƙi da ake kira minukku. Kafin ya fito, ɗan wasa kan sa ɗan ƙwayar wani fure a cikin ido, sai farin idon ya kaɗa ya yi jawur.

Ka nemi wuri a gaba, kusa da babbar fitilar tagulla mai cin man kwakwa, don daga nesa ba za ka ga girar ido ba, kuma rabin wasan a can yake. Mawaƙa biyu suna tsaye a baya, su ke rera baitocin. A gefe ga makaɗan chenda, gangar da ake duka da sanda, da maddalam wadda ake bugawa da hannu. Mawaƙi zai maimaita layi ɗaya sau da yawa, kada ka gaji, domin a kowane maimaici ɗan wasan yana ƙara buɗe ma'anar da yatsunsa. Alamun hannu na asali 24 ne, yanayin fuska kuma tara, daga so da tausayi zuwa fushi da tsoro da ƙyama. Ba sai ka haddace su ba. Ka bi hannu, sannan ka duba inda ido ya nufa. A zuwana na biyu na ga mutum ɗaya ya nuna furen ruwa yana buɗewa, ya zama ƙudan zuma mai kewaya shi, idonsa na bin ƙudan har ya sauka. Zauren ya yi tsit, ni kuma tsigar jikina ta tashi.

Wasannin da ake shirya wa baƙi gajeru ne, sun isa a fara da su. Wanda ke son ganin tushen abin ya je Kerala Kalamandalam a Cheruthuruthy, gundumar Thrissur, makarantar da marubucin waƙoƙi Vallathol Narayana Menon ya kafa a 1930. Can yara ke tashi tun da asuba suna motsa ƙwayar ido sama da ƙasa, dama da hagu. Can kuma ake koyar da Mohiniyattam, rawar mata mai taushi cikin farin zane mai bakin zinariya, da Kutiyattam, tsohon wasan kwaikwayo a Sanskrit, daɗaɗɗen harshen Indiya, da UNESCO ta karrama a 2001. Shawarata ita ce kada ka fara da Kutiyattam, domin babi ɗaya kan ɗauki darare da dama.

Theyyam, rawar gundumomin Kannur da Kasaragod a arewacin Kerala, daban yake. Ibada ce a wurin masu yinta, don haka ka tsaya gefe, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ka kuma sani wasu wuraren bautar, kamar na garin Guruvayur, mabiya Hindu kaɗai ke shiga, sai ka tambaya kafin ka kama hanya.

Idan ka dace da Kathakali na dukan dare a lokacin bukukuwa, ka yi barcin rana, ka riƙo mayafi saboda raɓa. Farkon dare na labaran soyayya ne masu tafiya a hankali, shi ya sa baƙi da yawa ke tashi da tsakar dare. Kai ka daure. Faɗa da kisan azzalumi sai goshin asuba ake yin su, lokacin da chenda ke tashi da ƙarfi, mai jan gemu ya kama labule yana girgiza shi yana ruri kafin ya bayyana.