Yadda Ake Tada Tsohon Mutum-mutumin Gwangwani Mai Wani

Jama'a kun yi ta tambayata yadda nake tada waɗannan tsofaffin mutum-mutumin wasan yara na Japan, waɗanda ake murɗa wa makulli a yi musu wani kamar agogo, irin na kamfanonin Yonezawa da Nomura na shekarun 1950, to ga shi nan.

1. Ɗauki hotonsa ta ko'ina da waya kafin ka taɓa komai.
2. Bar shi ya warware waninsa gaba ɗaya. In ya cije kar ka murɗa makullin da ƙarfi, sifirin ɗin zai tsinke.
3. Nemo 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe jikin.
4. Ɗaga su da siririyar sukudireba. NAN ake ɓarna! Kar ka miƙe su tsaf, ɗan ɗagawa kawai, don gwangwani in ka lanƙwasa shi sau biyu sau uku sai ya karye a hannunka, ni kaina na taɓa karya guda biyu a rana ɗaya wallahi har yau abin na min ciwo.
5. Zaro akwatin injin.
6. Goge busasshen giris da buroshin haƙori da ɗan kananzir, amma kar ya taɓa fenti.
7. Ɗiga man keken ɗinki da bakin allura a inda giyoyi ke juyawa. Ɗigo ɗaya ya isa, mai da yawa ƙura yake tarawa.
8. Yi masa wani kaɗan ka gwada.
9. Mayar da komai kana duba hoton.
10. Kwantar da kunnuwan da ɗan katako.

Don Allah kar a sake masa fenti, darajarsa zubewa take yi.