Yadda ake tantance tsohon faifan rok kafin a saya a Jidda

Wanda ya saba zagaya kasuwar gwanjo ta Sawarik da ke kudancin Jidda ya san cewa a tsakanin tsofaffin rediyoyi da tarkacen gidaje akan ci karo da kwali cike da faya-fayan garmaho, kuma kusan kowane mai sayarwa zai ce maka nasa bugun farko ne. Kafin ka taya, tarihin mawaƙan ne zai fara ba ka haske.

Ɗauki Led Zeppelin, ƙungiyar mawaƙan rok (wani salon kiɗan Turawa), a misali. An kafa ƙungiyar a Landan a 1968, faifansu na farko ya fito a 1969, suka kuma watse a 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarsu, John Bonham. Idan aka miƙo maka wannan faifai ka ga bayan kwalinsa yana ɗauke da baƙaƙen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, to sabon bugu ne, domin sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara sanya su a kwalayen faya-fayai. Bugun farko na Ingila kuwa, sunan ƙungiyar a kan kwalin da launin shuɗi-kore aka rubuta shi, daga baya ne aka mayar da shi ruwan lemo. Haka nan faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, ya zo da manyan hotunan mannawa a bango a cikin kwalinsa, rashinsu kuma yana rage masa daraja. Sabon bugu ba aibu ba ne, sautinsa yana iya fin na tsohon da ya sha allura, sai dai kada a karɓi kuɗin doki a ba ka jaki.

Daga nan sai ka zaro faifan, ka riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Karkata shi a hasken rana ka juya a hankali. Siririn zanen da takarda ta bari yawanci ba ya hana sauti, amma duk kwarzanen da farcenka ya ji to allura ma za ta ji shi, kuma za ta maimaita maka shi a kowane zagaye. A santsin filin da ke kusa da tambarin tsakiya akwai lambobi da haruffa da aka zana tun a masana'anta. Ka rubuta su a Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai, zai nuna maka ƙasar da aka buga shi da shekarar.

Abin da ya fi kashe faifai a nan shi ne zafi. Da roba aka yi shi, don haka wuni guda a cikin motar da aka rufe a rana ya isa ya lanƙwasa shi. Ɗaga shi daidai idonka ka dubi gefensa. In ka ga ya yi tudu da kwari kamar gurasa, mayar da shi komai arharsa. Ka shinshina kwalin ma, saboda danshin bakin teku yana haifar da funfuna.

In akwai garmaho a wurin, nemi a kunna maka. Babban faifai mai inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, ƙaramin kuwa sau 45. Saurari wuraren da kiɗan ya yi sanyi, a nan ne ƙarar lalacewa take fitowa fili.

Idan ciniki ya faɗa, kada ka bar shi a mota ka shiga wata sabgar. A gida ka goge shi da laushin ƙyalle da tataccen ruwa kana bin layukan a da'ira, ka bar shi ya bushe, sannan ka jera shi a tsaye kamar littafi a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska, nesa da taga.