Kallon tsuntsaye a Jos: wuraren da sabon shiga ke tuntuɓe

Ranar da na fara fita kallon tsuntsaye da niyya, sai da na karya kumallo, na jira sanyin Disamba ya lafa, sannan na nufi dam ɗin Lamingo. Wajen ƙarfe sha ɗaya na isa. Awa biyu ina zagaye, abin da na gani bai wuce hankaka uku da wata shirwa can sama ba. Wani dattijo da ke ban ruwa a lambunsa ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya ɓace maka?" Na ce, "Baba, tsuntsaye nake nema." Ya yi dariya ya ce, "Ai ka makara, da asuba suke cin kasuwarsu."

Gaskiyarsa. Daga ketowar alfijir zuwa wajen ƙarfe tara ne tsuntsaye suka fi kuka da neman abinci, sai kuma bayan la'asar. Matsalar Jos ita ce garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin hunturu barin bargo bayan sallar asuba sai an daure. A sa rigar sanyi a fita. Kada dai ta zama fara ƙal ko ja mai ɗaukar ido, kuma a bar hira da ƙarfi sai an dawo gida.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne gaggawar raɗa suna. Mu Hausawa muna da sunaye masu faɗi: duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela ce, duk mai shawagi a sama shaho ne. Amma a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru za ka iya ganin farare iri biyu kusa da juna. Balbelar da ke bin shanu bakinta rawaya ne, wuyanta gajere. Ɗayar siririya ce, baki baƙi, ƙafa baƙa, yatsu rawaya kamar ta taka fenti, kuma a cikin ruwa take farauta. Shirwa kuwa wutsiyarta ce ke tona ta, tana da tsagu a ƙarshe, tana murɗa ta tana juyawa a iska. Hasbiya ta fi kurciya girma nesa ba kusa ba, tana da jar fata kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fukafuki. Gyaran shi ne ka riƙe bakinka, ka dubi girma tukuna, sai baki, sai ƙafa, sai wutsiya, sai abin da tsuntsun ke yi. Launi ya zo a ƙarshe, domin ƙurar hunturu da hasken da ke bayan tsuntsu sukan mai da kowa toka-toka.

Launin ma ba ya zama. Akwai ƙananan tsuntsayen da mazansu ke yin ja da baƙi a gonakin dawa da ciyayin fadama a ƙarshen damina, kamar an yafa musu mulufi. Da rani ya shigo sai su zubar da wannan ado, su koma ruwan ƙasa mai zane-zane irin na matansu. Mutum ya ce sun yi ƙaura, alhali suna nan a gabansa. Masu ƙaurar gaske daban ne: shamuwa tana zuwa da damina, da rani ta gangara kudancin Afirka, wasu ƙanana masu cin ƙwari kuma suna tsallako hamada daga Turai wajen Oktoba su koma wajen Afrilu. Duk wanda ya ga tsuntsu bai rubuta watan ba, rabin labarin ya riƙe.

Sai raina na gida. Baiwar Allah, 'yar jar nan da ke tsince-tsince a gindin turmi, ba wanda ke kallonta sau biyu. To a duwatsun Jos tana da 'yar'uwa wadda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ce mai zaman kanta. Yadda aka gano ta ma abin mamaki ne. Akwai wani ɗan tsuntsu da namijinsa ke yin baƙi mai sheƙi, wanda macensa ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, a yi mata kwanci a yi mata reno. Namijin idan ya girma yakan kwaikwayi kukan waɗanda suka rene shi. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya ji na tudun Jos yana kwaikwayon kukan da ba na baiwar Allahn da aka sani ba, aka bi sawu har aka kai ga mai kukan. Ta gida bakinta ja ne, bayanta ruwan ƙasa. Ta dutse bakinta shuɗi-shuɗi ne mai toka, namijinta kansa toka, bayansa ja. Wanda bai zauna ya ƙare wa ta tsakar gidansu kallo ba, ko ta dutsen ta sauka a gabansa ba zai san ya ga wani abu ba. Wurin da aka fi nemanta shi ne dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, mai alaƙa da Jami'ar Jos. An ga tsuntsaye sama da iri 300 a wannan ɗan daji. Wuri ne da ake karewa, a nemi izini kafin a shiga.

Maganar izini ba ta Amurum kaɗai ba ce. Jos gari ne da ya sha rikici, kuma baƙo mai madubin hangen nesa a wuya yana leƙen bayan gidaje ba zai rasa mai tambayarsa ba. Kada a ɗaga kyamara ko madubi kusa da shingen jami'an tsaro. In ƙauye ne, a yi sallama, a gaida mai unguwa ko mai gonar, a faɗi abin da ya kawo mutum. Sau da yawa shi ne zai nuna maka inda fakara ke fitowa da yamma.

A kan duwatsu irin na Shere, ido yana sama ƙafa tana ƙasa. A sa takalmi rufaffe, kada a zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, saboda kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi. Biri kuma kada a ba shi abinci, in ya saba sai ya koma ƙwace.

Akwai kuskuren da tausayi ke jawowa. Yara su tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa su kawo gida, a ɗura masa koko ko madara, kwana biyu ya mutu. In ya riga ya yi gashi yana tsalle-tsalle, koyon tashi yake, iyayensa suna kusa suna jira ku gusa. A ɗora shi kan reshe inda kyanwa ba za ta kai ba, a bar wurin. Mujiya kuwa tsoro ne ke sa a jefe ta. Farar nan mai faffaɗar fuska da ke kwana a silin, ɓeraye take ci, kuma gidan da ke da rumbu ya fi kowa buƙatarta.

Waya tana taimakawa, ba na musu. Manhajar Merlin takan ba da shawarar suna daga hoto, amma shawara ce, sai ka gwada da abin da idonka ya gani. Abin da ban so shi ne kunna kukan tsuntsu a lasifika ana maimaitawa don a jawo shi. Namijin yakan ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa da iska.

Mutane kuma sukan rubuta baƙon tsuntsu kawai su tsallake hankaka da kurciya, wai kowa ya san su. Haka aka ɗauki ungulu. Da can ba mahautar da ba ta cika da su, yau sai ka yi watanni ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen sassanta don magani. A shekarar 2015 ɗin ne aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya daga APLORI, inda 'yan sa-kai ke tura duk abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, har da na bola da na kan falwaya. Ko ba ka shiga wannan ba, littafin 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, unguwa, ƙarfe nawa, guda nawa. Wanda ba ka gane ba ka rubuta kamanninsa ka bar gurbin sunan fili. Nawa littafin yana da irin wannan gurbi tun wata safiya a Farin Gada, ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a gefen kwata, sai a hunturun da ya biyo baya na cike shi.