Kurakuran da aka fi yi wajen binciken tarihin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Amurka

Na gaji da gyara kuskure iri ɗaya a aikin masu fara wannan bincike, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jera alƙaluman shekaru daban-daban a layi ɗaya, kamar da mudu ɗaya aka auna su. Ni ma ya taɓa cin ni. Mako uku na yi ina tattara alƙaluman wata jami'a daga IPEDS, rumbun bayanan ilimi na gwamnatin Amurka, sai na ga baƙaƙen fata sun ragu wajen 2010. Har na cika shafi huɗu ina neman dalili. Ashe fom ɗin da ake rubuta asalin ɗalibai ne aka sauya. Daga 2010 aka wajabta sabon tsari: aka buɗe gurbin wanda ya haɗa asali biyu ko fiye, aka kuma raba 'yan Asiya da mutanen tsibiran Fasifik. Yaron da ubansa baƙi, uwarsa Baturiya, da can yana layin baƙaƙe, yanzu ya koma sabon gurbi, alhali yana nan a ajinsa. Ranar da na gane haka ko abinci ban iya ci ba. Tun daga nan ba na taɓa lamba sai na karanta bayanin fom na shekarar, kuma ina jan layi da jan biro a kan 2010.

Sai masu ɗaukar jimillar jami'a su yanke hukunci. Haba jama'a! A 1973, Jami'ar California ta Berkeley ta ɗauki kashi 44 cikin ɗari na maza masu neman karatun gaba da digiri, mata kuwa kashi 35. Da aka bi sashe-sashe, sai aka ga mata sun fi tururuwa zuwa sassan da gurbi ya yi ƙaranci, kuma a yawancin sassan ba a danne su ba. In ba ka sauka sashe ba, ba ka fara aiki ba. In ka sauka kuma, tambayi abin da ya hana mata neman sauran sassan tun farko.

Kada ka nemi matan Harvard na da a kundin Harvard kaɗai, duba na Radcliffe, kwalejin mata da ke haɗe da Harvard a da. Yale da Princeton sai 1969 suka fara ɗaukar mata a digirin farko, Kwalejin Columbia sai 1983.

Wanda ya nema, wanda aka ba gurbi, da wanda ya zo ya yi rajista, lissafi uku ne. A daina cakuɗa su.

Ɗan Kano da ke karatu da biza ba ya cikin baƙaƙen fata a IPEDS, gurbin ɗaliban ƙasashen waje yake.

Wariyar da ta fi muni kuwa sau da yawa ba ta shiga jadawali. A 1922 shugaban Harvard, Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawa. Irin wannan a wasiƙu da takardun kwamiti nake nemansa, kuma nakan ware musu kwana biyu cur kafin in buɗe kwamfuta.